Jiniya Na Tashi Ba Ɓarawo: Tambayoyi da Amsoshi Kan Sensar Ƙofa

Waɗannan su ne tambayoyin da masu gidaje da masu shaguna suka fi yi idan ƙararrawar tsaro ta fara tashi ba gaira ba dalili, kuma aka ɗora laifin a kan sensar ƙofa. Na farkon kowa zai iya bi da hannunsa, wasu kuma suna buƙatar mitar awon lantarki da sukurudireba.

1. Yaya sensar ƙofa take gane an buɗe ƙofa?

Abu biyu ne suka haɗu. Na farko mayen ƙarfe ne da ake kafawa a jikin ƙyaure. Na biyu ana kafa shi a jikin firam, a cikinsa akwai ɗan bututun gilashi mai tsawon santimita 1 zuwa 2, da wasu siraran harsunan ƙarfe biyu a ciki. Idan mayen ƙarfen ya matso, harsunan sai su manne da juna, wuta ta wuce. Idan ya yi nisa sai su rabu, layi ya yanke. Wannan makunnin gilashi tsohuwar fasaha ce, Walter Ellwood ya ƙirƙiro shi a ɗakin binciken kamfanin Bell na Amurka a 1936, kuma har yau shi ne a cikin yawancin sensocin da ke kasuwa.

Akwatin da ke sarrafa komai, wanda masu aikin ke kira fanel, bai san ɓarawo ba, bai ma san ƙofa ba. Abin da ya sani kawai shi ne layi ya yanke ko bai yanke ba. Don haka duk abin da zai raba harsunan nan ko ya katse waya, ko da na ƙiftawar ido ne, a wurin fanel buɗe ƙofa ne. Mai wannan fahimta ya riga ya yi rabin gyara.

2. Ta yaya zan tabbatar ƙofa ce ta tayar da jiniyar, kuma wace ƙofa?

Kada a kwance komai sai an karanta rajistar fanel. Kowane fanel yana ajiye tarihin abin da ya faru: lambar zon (wato layin da aka ware wa ƙofa ko rukunin ƙofofi a fanel), rana, da lokaci. Ana ganinsa a allon lambobi ko a manhajar waya. A duba abu uku. Zon ɗaya ne kullum ko suna canzawa? Me aka rubuta: buɗewa, taɓa murfi, raunin batir, ko ɓacewar sigina? Sannan da ƙarfe nawa?

Lokacin yakan tona asirin matsalar. Idan tsakanin azahar da la'asar take tashi, a ƙofar da rana ke duka, zafi ne ke motsa ƙarfe, a duba tambaya ta 5. Idan da hadari ko iska mai ƙarfi take zuwa, ƙofar ce ke wasa, tambaya ta 4. Idan daidai da ɗauke wuta ko tayar da janareta ne, kuma zon biyu ko uku suka tashi tare, a bar ƙofa a koma tambaya ta 10. Idan kuwa kullum da asuba ce, a tambayi wanda ke fita masallaci ko yana kwance ƙararrawar kafin ya zare sakata. Wannan ya fi faruwa fiye da yadda masu gida ke son yarda.

3. Tazara nawa ya kamata ta kasance tsakanin mayen ƙarfen da sensa?

Ƙananan sensocin da ake mannawa a fili galibi suna aiki a tazarar milimita 12 zuwa 19, gwargwadon abin da kamfani ya rubuta a takarda. Amma wannan iyaka ce, ba wurin zama ba. Ƙa'idar da ta fi ba da kwanciyar hankali ita ce a kafa su a rabin abin da aka rubuta ko ƙasa da haka. Idan takarda ta ce milimita 15, a nemi 6 ko 7. Sensar da aka kafa a milimita 14 za ta yi aiki ranar da aka haɗa ta, mai haɗawa ya karɓi kuɗinsa ya tafi, sai wata uku ta fara kuka da dare.

Ba tazara kaɗai ba, har da saiti. A gefen sensa akwai ɗan layi ko kibiya da ke nuna inda gilashin yake, dole mayen ƙarfen ya fuskanci wannan alama, kuma su kwanta a jere da juna. Idan mayen ƙarfen ya zame sama ko ƙasa da santimita ɗaya, yana iya faɗawa wurin da ƙarfinsa ba ya kama harsunan sosai, ko da yana kusa. Haka kuma a kafa sensa a saman ƙofa ta ɓangaren makulli. Wanda ya kafa ta ɓangaren hinji ya yi aikin banza, domin mutum zai iya buɗe ƙofar ya shige kafin mayen ƙarfen ya yi nisan da za a ji.

4. Ƙofar a kulle take da makulli, to me zai sa fanel ya ce an buɗe?

Kulle ba ya hana ƙofa motsi. Ga gwajin da ya kamata kowa ya fara da shi: a kunna ƙarar nan ta sanar da buɗe ƙofa, wadda ke yin "fit-fit" ba tare da jiniya ba, a rufe ƙofar a murɗa makulli, sannan a kama hannun a tura ta a jawo ta da ƙarfi, a kuma ɗaga ta sama a danna ƙasa. Idan allo ya yi ƙara ko sau ɗaya, an kama mai laifi. Abin da hannu ya yi, shi iska ke yi da tsakar dare, ko buga wata ƙofar a cikin gida.

Ƙofar katako tana da nata hali. Da damina tana shan laima ta kumbura, har ta ƙi shiga firam sosai, a riƙa rufe ta da gwiwa. Da hunturu kuma ta bushe ta tsuke, ramin da ke tsakaninta da firam ya ƙaru, harshen makulli ya samu wurin wasa. Sensar da aka saita a watan Agusta tana iya fita daga iyakarta a Janairu ba wanda ya taɓa ta. Sai kuma hinji: idan sukurun hinjin sama ya saki, bakin ƙofar yakan sauka da 'yan milimitoci, ya ja mayen ƙarfen ƙasa.

Gyaran a nan na kafinta ne kafin na mai lantarki. A ɗaure hinji, idan ramin sukuru ya cinye a cusa ɗan katako da gam a sa sukuru mai tsawo. A matsar da farantin makulli yadda ƙofa za ta kama ba lilo. Bayan haka ne za a sake saita sensa bisa tambaya ta 3. Sauya sensa alhali ƙofa na rawa asarar kuɗi ce.

5. Me ya sa ƙofar ƙarfe da get suka fi ba da wahala?

Ƙarfe yana janye ƙarfin mayen ƙarfe zuwa jikinsa, sai abin da ke isa gilashin ya ragu. Sensar da ke aiki a milimita 15 kan katako tana iya komawa kusan rabin haka kan ƙofar walda. Maganin shi ne a sa ɗan filastik mai kaurin milimita 5 zuwa 6 a ƙarƙashin mayen ƙarfen da kuma ƙarƙashin sensa, don a ɗaga su daga jikin ƙarfen, ko a sayi irin wadda aka ƙera don ƙofar ƙarfe mai babban mayen ƙarfe.

Get da ƙofar shago mai naɗewa sama ba na ƙaramar sensa ba ne sam. Suna lilo, ƙarfensu yana faɗaɗa da zafin bazara, ginshiƙinsu yakan ɗan karkata bayan ruwa. Akwai sensa mai gidan alminiyam da waya mai sulke da ke aiki a tazarar santimita 5 zuwa 7, ita ce ta wurin. Idan sensar marar waya ce, ƙarfen yana kuma tare sigina, duba tambaya ta 11. A irin wannan wuri ya fi kyau a kafa mai aika siginar a bango nesa da ƙarfen, a ja gajeriyar waya zuwa makunnin da ke jikin get.

6. Sensar da aka manna da gam ta isa?

Ba a ƙasar zafi da ƙura ba. Gam ɗin da ke zuwa a bayan sensa yana laushi da zafi, mayen ƙarfen ya riƙa zamewa a hankali har wata rana a tsince shi a ƙasa. A ɗaure da sukuru. Inda ba a iya hudawa, kamar gilashi ko gidan haya, a goge wurin da sifirit ya bushe, a sa gam mai fuska biyu irin na waje, a danna na daƙiƙa 30.

7. Raunin batir yana tayar da jiniya?

A na'ura mai kyau, a'a. Fanel yakan nuna "batir ya yi rauni" makonni kafin ya mutu, yana ɗan ƙara a allo, ba ya kunna jiniya. Amma a ƙananan na'urori masu araha, batir da ya kusa ƙarewa yana sa sensa ta mutu ta farfaɗo, kuma duk farfaɗowa tana iya aika saƙon buɗewa. Yawancin sensoci marasa waya suna amfani da batir CR2032 ko CR123A, dukansu volt 3. Sabo yakan nuna kamar 3.2 a mita. Idan ya sauka ƙasa da 2.8 a canza shi, kada a jira.

Abin da ya fi raunin batir jawo matsala shi ne zamansa. Ɗan ƙarfen da ke riƙe batir yakan saki, sai duk bugun ƙofa batir ya ɗaga ya koma. A ɗan lanƙwasa ƙarfen ciki da bakin sukurudireba, a goge tsatsa ko farin gari idan akwai. Kuma a sa na'urar a yanayin gwaji ko a kwance ta kafin buɗe murfi, saboda abin da ke tambaya ta 8.

8. Allo yana nuna an taɓa murfi, alhali ba wanda ya je wurin. Mene ne?

A cikin sensa akwai wani ƙaramin makunni mai sifirin da murfi ke dannewa, wasu kuma suna da na biyu a baya mai danne bango. Aikinsa shi ne ya kai ƙara idan wani ya buɗe sensar ko ya ɓamɓare ta. Idan an ɗana ƙararrawa, wannan ma jiniya yake tayarwa. Yakan faru bayan canza batir: murfin bai shiga har ya yi ƙara ba, ko sifirin ya karkace, ko ya faɗi ba a lura ba. Filastik da rana ta gasa ma yakan bankare ya daina danna shi. A buɗe, a miƙar da sifirin, a fitar da ƙura da gidan tururuwa idan sun shiga, a mayar da murfi a ji ya kama. Idan murfin ya tsage a canza sensar, ɗaure ta da salatif ba ya daɗewa.

9. Tawa mai waya ce. Yaya zan gane ko wayar ce ta lalace?

A kwance ƙararrawa, a cire wayoyi biyu na zon ɗin daga fanel, a sa mita a ma'aunin om, wato awon tirjiyar da layi ke yi wa wuta. Da ƙofa a rufe, layi mai lafiya zai nuna om kaɗan: makunnin kansa bai kai om 1 ba, siririyar wayar ƙararrawa kuma kusan om 5 a kowace mita 100 a kowane sili. Idan akwai rezisto, ɗan abin da ke rage gudun wuta, a ƙarshen layi, adadinsa za a gani da ɗan ƙari. Fanel ɗin Honeywell Vista yana amfani da om 2,000, na DSC 5,600, na Paradox 1,000. Sa rezisto na wani fanel a wani yana barin zon a bakin iyaka, ƙaramin canji ya tura shi.

Adadi ɗaya bai isa hukunci ba. A bar mitar a haɗe, wani ya je ya bubbuga firam, ya ja wayar a hankali inda ta shiga bango, ya buga ƙofar. Idan lambobi suka yi tsalle, akwai karaya ko haɗi mai sako-sako. Wuraren da aka fi samu: bakin sukurun sensa inda aka matse waya har ta kusa yankewa, inda ƙusa ta huda ta, cikin silin inda ɓera ya ci, da haɗin da aka murɗa da hannu aka naɗe da baƙin salatif, wanda laima ke sa ya yi kore. Duk haɗi a like shi da dalma. Wayar alminiyam mai fentin tagulla, wadda ake sayarwa da araha, tana saurin ruɓewa a bakin haɗi, ba ta dace da wannan aiki ba.

Akwai wata al'ada da ke wahalar da bincike: a jera ƙofa uku da taga huɗu a zon ɗaya don tsimin waya. Rajista za ta ce zon 3, amma wanne a cikin bakwai? Sai dai a riƙa haɗe bakin kowace sensa da guntuwar waya ɗaya bayan ɗaya, a bar ta kwana biyu ko uku, har a ga wadda aka rufe matsalar ta tsaya. Ƙofofin waje dai kowace ta samu zon nata.

10. Me ya haɗa ɗauke wuta da ƙararrawar ƙarya?

Batirin da ke cikin fanel, galibi volt 12 mai ƙarfin amfiya-awa (Ah) 7 ko 4, shi ke riƙe komai idan wuta ta tafi. Idan ya tsufa, a daidai lokacin sauyawa ƙarfin wuta yakan nutse, sensocin motsi da mai karɓar sigina su mutu su tashi, fanel ya ɗauka kutse ne. Da caja a haɗe mita za ta nuna 13.6 zuwa 13.8, wannan ba shaidar lafiyar batir ba ce. A zare wutar bango, a bar shi yana ɗauke da na'urar na minti 15, a auna. Idan ya faɗo ƙasa da 12, ya gama. Kamfanoni sukan ce shekara 3 zuwa 5, amma wannan a ɗaki mai sanyin digiri 25 ne. Duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana rage rayuwarsa da rabi, ga kuma yawan ɗauke wuta da ke zuƙe shi kullum. Inda ake haka, a riƙa auna shi kowace shekara, kuma a jona fanel ta bayan sitabilaiza ko inbata.

11. Sensa marar waya tana ɓacewa daga fanel. Wannan ma ƙararrawar ƙarya ce?

Kowace sensa marar waya tana aika gaisuwa ga fanel lokaci-lokaci, wasu bayan 'yan mintoci, wasu bayan fiye da sa'a. Idan fanel ya daɗe bai ji ta ba sai ya nuna ta ɓace. A yawancin saiti wannan gargaɗi ne kawai, amma akwai fanel da ake saitawa ya kunna jiniya idan haka ta faru yana ɗane. Dalilai: nisa, bangon siminti mai rodi, ƙofar ƙarfe, firiji ko madubi babba a tsakani, ko wata na'ura mai aiki a zango ɗaya, musamman megahaz 433 da rimot ɗin get da kayan araha da yawa ke cunkushe a kai. A yi gwajin ƙarfin sigina daga fanel da ƙofar a rufe. Matsar da mai karɓar sigina da mita ɗaya, ko fitar da shi daga akwatin ƙarfe, sau da yawa ya isa. Idan bai isa ba a ƙara na'urar maimaita sigina a tsakiya.

12. Yaushe za a ce sensar ce kanta ta lalace?

Bayan an wanke ƙofa, tazara, batir da waya daga zargi. A cire sensar, a ɗora mayen ƙarfen a jikinta a ɗaure su tare da roba, a ajiye a wurin da ba motsi, tana haɗe da fanel. Idan a hakan ma ta kai ƙara, ita ce. Ko a sa mita a bakinta, a kawo mayen ƙarfe a janye sau 20, ana ɗan ƙwanƙwasa ta da farce: dole kowane karo ta rufe ƙasa da om 1, ta buɗe sarai. Gilashin yakan tsage idan sensa ta faɗi ko aka buga mata guduma wajen kafawa. Ba a gyara shi, canzawa ake yi. Shi kuwa mayen ƙarfe da wuya ya mutu, an fi ɗora masa laifi fiye da abin da ya aikata.

Lalacewar da ta fi haɗari ba ta kuka. Tsawa da ta faɗi kusa tana iya tura wuta cikin dogon layi ta narkar da harsunan su like da juna. Daga nan ƙofa ko a wangale take, fanel zai ce a rufe. Saboda haka bayan duk babban hadari mai tsawa, a bi ƙofofi ɗaya-ɗaya a buɗe, a ga kowace ta bayyana a allo.

13. Akwai saitin fanel da ke rage wannan matsala?

Akwai, amma saiti ba ya maye gurbin gyara. Ƙa'idar CP-01 da masana'antar tsaro ta Amurka ta fitar don rage ƙararrawar ƙarya ta sa daƙiƙa 60 na fita da daƙiƙa 30 na shiga a matsayin saitin asali, ta kuma sa fanel ya daina sauraron zon da ya tashi sau 2 a ɗani ɗaya. Wannan na ƙarshen shi ke hana ƙofa ɗaya ta hana unguwa barci har gari ya waye. A tabbatar ƙofar da ake shiga da fita an ba ta jinkiri, ba a sa ta cikin masu tashi nan take ba. A duba saurin amsawar zon: a Vista saitin da aka saba shi ne miliseken 350, wanda ya sa shi a 10 kan ƙofa, ko girgizar babbar mota za ta iya tayar da shi. Wasu sensoci, irin DoorProtect Plus na kamfanin Ajax, suna da ma'aunin girgiza da karkata a ciki ban da makunnin gilashi. Idan ƙofar tana bakin titi, a rage kaifinsa ko a kashe shi.

14. Zan iya tsallake zon ɗin in ci gaba da ɗana sauran?

Na dare ɗaya ko biyu kafin mai gyara ya zo, eh, kuma ya fi kashe na'urar gaba ɗaya. Amma ƙofar da aka tsallake ba ta da mai gadi, sai a ƙara mata sakata ko kwaɗo, a tabbatar akwai sensar motsi da ke kallon wurin. Abin da bai kamata ba shi ne manna mayen ƙarfe a jikin sensa don allo ya yi shiru. Tsallakewa tana fita a rajista kuma galibi tana gogewa idan an kwance ƙararrawa. Mannewa kuwa ba ta barin alama, bayan wata shida ba wanda zai tuna cewa wannan ƙofa kurma ce.

15. In ba hayaniya ba, wace illa ƙararrawar ƙarya ke yi?

A Amurka, kashi 94 zuwa 98 cikin 100 na kiran ƙararrawa da 'yan sanda ke amsawa na ƙarya ne, shi ya sa birane da yawa ke cin tara, wasu kamar Salt Lake City tun 2000 ba sa turo ɗan sanda sai an tabbatar da kutse. A Ingila, kiran ƙarya 3 cikin wata 12 yana sa a janye amsawar 'yan sanda daga gidan. Inda jiniya ba ta kiran 'yan sanda sai maigadi, maƙwabta da 'yan sintiri, ba tara amma hukuncin ɗaya ne: karo na farko kowa ya fito da tocila da gora, na huɗu kowa ya gyara kwanciya. Mai gidan kansa yakan daina ɗana ta.

16. Wane dubawa ya kamata a riƙa yi, kuma yaushe?

Sau ɗaya a wata a buɗe kowace ƙofa a ga ta fito a allo da sunanta daidai. Sau biyu a shekara, farkon damina da shigowar hunturu, a maimaita gwajin tura ƙofa na tambaya ta 4, a ɗaure sukurun hinji da na sensa, a hure ƙura. Bayan fenti, canza makulli ko aikin walda a jikin ƙofa, a sake auna tazara, domin masu fenti sukan cire mayen ƙarfe su mayar da shi a juye ko a wani ramin. A rubuta ranar canza batir a cikin murfin sensa da alƙalami, a kuma manna jerin zon da sunayen ƙofofinsu a cikin murfin fanel, don duk mai gyaran da ya zo ya san zon 3 ƙofar kicin ce ba sai ya bi waya a silin ba.